Idon Mota da Tawul ɗin Kawu

Talata da yamma

Kwandasta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran, da aikin asibitin naku da ba ya ƙarewa. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Innarki tana nan yadda kika bar ta, gyambon bai ƙaru ba bai ragu ba. Yau ma mun je an wanke an naɗe, likita ya ce mu riƙa zuwa duk Talata har sai ya ce ya isa. Ni kuwa gwiwa ce kawai, ta saba da ni na saba da ita.

Na san za ki ce me ya hana in kira ki. Na sha gaya miki waya ba ta ajiye magana, da an faɗa ta tafi. Ga kunnen nan na gefen taga da ya sha iska shekara arba'in da ɗaya a babbar mota, ba abin da yake ji a cikinta sai ƙugi. Takarda kuwa ina da gwangwanin da nake zubawa. Wasiƙun uwarki, Allah ya jiƙanta, goma sha tara suna ciki, har da wadda ta rubuto ranar da kika fara tafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban taɓa zama a aji ba, a jikin allunan hanya na koyi baƙi. Dogo direban bas zai taho da wannan ranar Alhamis, ki aika tasha a karɓa.

To, maganar motar da kika bar mana. Na gode, Innarki ta gode. Tun da tawa ta kwanta muke wahalar hawa da sauka a motar haya da wannan ƙafa, yanzu ga shi daga ƙofar gida sai ƙofar asibiti. Inji lafiya, birki lafiya, ba ta shan mai. Amma tana da lalura a fitila, kuma ta fara ba ni kunya a gari.

Da na murɗa makulli sai fitilun gaba su kama. Da safe haka, da rana tsaka haka. Duk wanda muka haɗu da shi a hanya sai ya ƙyafta mini tasa fitilar, wasu su miƙo hannu ta taga suna buɗe yatsu suna rufewa. Mai zuba mai a gidan man kusa da gada ya leƙo ya ce, "Baba, me ya faɗi kake nema da rana tsaka? Mu taya ka." Tela maƙwabcinmu kuwa ya samu abin yi. In na fito sai ya ɗago daga kan kekensa ya ce ga direban direbobi nan ya taho da ranarsa biyu. Ni da ban taɓa barin fitila a kunne har batir ya mutu ba.

Ranar da za ki tafi kin ce in bar makunnin a kan harafin A, wai ita da kanta za ta gane duhu ta kunna, ta gane haske ta kashe. Na yi shiru ne don kar in ɓata miki rai kina kan hanya. To ga shi nan. Abin da bai iya rarrabe azahar da magariba ba, shi za a damƙa wa fitila?

Kar ki ce na taɓa wani abu. Ko ƙusa ɗaya ban kwance ba. Wanke ta kawai na yi, na shimfiɗa tawul ɗina a saman dashbod kamar yadda nake yi wa kowace motar da na riƙe, don kar rana ta farfasa robar. In kin yarda zan kai wa Mai-waya, mai gyaran wutar mota na bayan tasha, ya cire mata wannan wayon ya mayar da ita mota.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki rage tsayuwa.

Kawunki

Asabar

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwa, yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura, ya warke.

A ɗakin hutunmu na karanta wasiƙarka, na yi dariya har abokiyar aikina ta ce in ba ta ta gani, na hana. Kawu, motar ba ta da lalura. Kai ka rufe mata ido.

Ɗaga tawul ɗin ka duba can gindin gilashin gaba, a tsakiya. Za ka ga wani ɗan ƙullutu baƙi kamar maɓallin riga. Shi ne idonta, da shi take auna haske. Ka lulluɓe shi, ita kuwa baiwar Allah a wurinta gari bai waye ba tun ranar da ka wanke ta, shi ya sa take ta haska maka hanya.

Don Allah kar ka kai wa Mai-waya, kar a yanke komai. Cire tawul ɗin kawai. Kuma kar ka taɓa makunnin, bar shi inda na ajiye shi, motar ta san aikinta.

Ana kirana, an kawo mara lafiya. Ka ce wa Tela ya ji da ɗinkinsa, rigar da ya yi mini har yau hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A gaishe mini da Inna.

Kwandasta

Laraba da safe

Kwandasta,

Muna gaisuwa, muna lafiya. An canza wa Innarki magani, gyambon ya fara tsukewa daga gefe, likita ya ce in ba a fama shi ba akwai alama. Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya.

Takardarki ta iso. Motar ta san aikinta. Sau huɗu na karanta wannan layin, na ajiye, na sha shayi, na sake ɗauka, yana nan bai canza ba. To madalla. Ita ta san aikinta, mu ne muka manta namu.

Na ɗaga tawul ɗin, na ga maɓallin, na cire, fitila ta mutu. Wannan na ba ki. Amma ki san abin da kika ce in cire. Tawul ɗin nan kore, ubangidana Tsoho ne ya ba ni shi ranar da ya fara sakar mini babbar mota ni kaɗai. Shi ya koya mini sitiyari tun ina wankin taya. A kan tawul ɗin nan kike zama a gaban mota kina shekara biyar, lokacin da uwarki take kwance asibiti aka kawo mana ke, kina kiran sunan kowane gari kafin mu shige shi, har direbobi suka sa miki Kwandasta sunan ya bi ki. Mota bakwai ya yi wa aiki. Yanzu yana ninke a kujerar baya kamar baƙo.

Tunda an ce kar in taɓa, ban taɓa ba. Zuba mata ido na yi, kamar yadda nake yi wa sabon direba, na sayi ɗan littafi ina rubutawa. Ga abin da na gani.

Da safe a cikin rumfa takan kunna, in na fito fili ta ɗan jira sannan ta kashe. Wannan ba laifi. A ƙarƙashin doguwar gada, in mun shiga sai na ƙirga uku sannan ta kama, mu fito ta can tana kunne har in ƙirga goma. Na ce wa Innarki wannan irin ma'aikacin nan ne da yake makara zuwa, ya kuma makara tashi don a ce yana da himma. A layin bishiyoyin hanyar asibiti ba ta kulawa da inuwa, wannan kuwa hankali ne, da ta riƙa ƙyafce-ƙyafce da na ji haushi.

Amma da yamma fa? Kin san asibitin nan, ka je da hantsi ba za a sallame ka ba sai la'asar ta wuce. Talatar farko muna hanyar dawowa duhu ya fara shiga ƙarfe biyar da rabi, na duba agogo. Ba ta kunna ba sai shida da kwata, mun kusa gida. Talata ta biyu ma haka, biyar da rabi gari ya yi toka-toka, mutum da bango duk ɗaya, ita ko a jikinta. Kusan awa guda ina tuƙi a duhu da fitila a kashe. Hannuna yakan tafi makunnin da kansa, in janyo shi, tunda motar ta san aikinta. Da can tana kunnawa ba a tambaye ta ba, yanzu ana nema ta ƙi.

Ga kuma Innarki da ta koyi surutu a mota. Matar da muka yi shekara hamsin ba ta taɓa ce mini ga rami ba, yanzu daga asibiti har gida bakinta bai tsayawa. Ga mai keke can, ga wasu yara za su tsallaka, wancan mai kura ya ɗauko kaya da yawa. Na ce mata ko ita ma an sa mata maɓallin ne.

Ki gaya mini abin da zan yi da wannan makara tata. Ina jiran amsa ta hannun Dogo.

Kawunki

Jumma'a

Kwandasta,

Ina gaisuwa. Sati uku ke nan ba amsa. Sau biyu na je tasha, Dogo ba ya nan, wai yana jinya, wanda ya karɓi bas ɗin ya ce shi ba a ba shi komai ba. Na ce to, wataƙila an gaji da tsoho da takardunsa. Ba don in dame ki na rubuto ba, sai don kar ki ji a bakin wani.

Mun yi ɗan haɗari ranar Talata. Muna raye, kwantar da hankalinki. Ni ko ƙwarzane babu. Innarki ce ƙafar ta bugi ƙasan dashbod, gyambon da ya fara tsukewa ya buɗe, an koma farko.

An sallame mu da wuri ranar, wajen ƙarfe biyu. Muna fitowa ruwa ya sauko, irin farin ruwan nan da sama take da haske amma ba ka ganin abin da yake gabanka taku ashirin. Na kunna abin share gilashi, na rage gudu, ina tafiya kamar mai bin gawa. Na dubi dashbod, fitila ba ta kama ba. Ita a wurinta rana ce, tunda haske yana sauka a kan maɓallin. Ruwa ba ya cikin abin da ta sani.

Dab da shataletale wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ta same mu ta baya. Direban ya fito cikin ruwa, ya ce, "Baba, wallahi ban gan ka ba sai da na zo kanka. Danjarka a kashe take, motarka kuma kalar ruwan." Gaskiya ya faɗa. In fitilun gaba ba su kama ba, jajayen na baya ma ba sa kamawa.

Direba nawa na koya wa cewa da ɗigon farko ya taɓa gilashi a kunna fitila, ba don ka gani ba, don a gan ka? Sun fi talatin. Na san wannan kamar sunana. Hannuna yana kan makunnin, Kwandasta. Na ce a raina bari mu ga ko ta san aikinta. Da wa nake gardama a cikin ruwan nan, ke ba kya nan, mota ba ta ji? Innarki ce ta biya.

Mai gyaran jiki ya buga bayan ya miƙe, ba wani abu ba ne. Na mayar da tawul ɗina inda yake, a kan maɓallin, da gangan wannan karon. Makunni yana inda kika ajiye shi, ban taɓa ba. Fitila tana kunne safe da yamma, masu ƙyaftawa su ƙyafta, Tela ya yi ta dariya. Na ma fi jin daɗin hanyar dawowa haka.

Na gaji, zan tsaya nan.

Kawunki

Lahadi

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku jaje. Na kira Inna na ji muryarta kafin in iya zama in rubuta wannan. Allah ya tsare gaba, ya ba ta sauƙi.

Ban gaji da kai ba. Ranar da takardarka ta littafin nan ta iso, a ranar na ba da amsa. Jiya na je gidan Dogo na same shi da sanda, muka aika aka duba bas ɗin, ga wasiƙata a bayan abin tare rana inda ya soke ta ya manta. Na haɗo ta da wannan don ka gani da idonka. Layi na uku a cikinta cewa na yi, in ana ruwa ko hayaƙi ya rufe hanya ka murɗa makunnin da hannunka, don idon motar haske kawai yake aunawa. Da na faɗi haka tun farko. Sauri nake yi ranar, na rubuta maka magana kamar ina sallamar mara lafiya a layi, na ce wa mutumin da ya koya wa gari tuƙi kar ya taɓa makunni. Laifina ne, ka yafe mini.

Akwai maganar da ban saka a waccan ba, na yi ta juya ta. Zan faɗa yanzu ko za ka yi fushi.

Kawu, a gidanku na girma. A wannan watan, ƙarfe biyar da rabi rana tana kan tankin ruwan unguwa, ko inuwar katanga ba ta kai bakin titi ba. Shida da kwata da motar take kunnawa, lokacin ne haske yake fara ja da baya. Ba na jin motar tana makara.

Ni ma ina da inda nake ajiye takardunka. Na fito da ta bara na jera da ta shekaranjiya. A ta bara layi ashirin da biyu ka yi a shafi, baƙin ƙanana a jere kamar tururuwa. A ta shekaranjiya layi tara ne, suna hawa kan juna, ƙarshen wasu ya fita daga takardar.

Ina jin yanar ido ce take rufe maka gani. Abu ne da muke gani kullum, ana cirewa, mutane su koma harkarsu. Akwai likitan ido a asibitin da kuke zuwa, hawa na biyu. Ranar Talata, kafin a kira Inna, ka hau. Kafin nan don Allah kar ka yi tuƙi bayan la'asar, ko da tawul ko babu.

Kwandasta

Alhamis

Kwandasta,

Muna lafiya. Takardunki biyu sun iso.

Ta farkon na karɓa, na yafe, ni ma da nawa. Ta biyun kuwa ban san wa kika rubuta wa ba. Biro ne ya canza, na da ya ƙare, wannan bakinsa kauri gare shi. Idon da ya ratsa da tirela ta hanyar dutse cikin damina ba a kujerar asibiti za a auna shi ba. Da mota ce ta san aikinta, yanzu kuma ni ne makaho.

In motarki kike so, ba sai an bi ta nan ba. Tana rumfa, a wanke, tanki a cike. Ki zo ki ɗauka ko ki aiko. Mun hau motar haya da, za mu hau gobe.

Kar ki wahalar da Dogo da amsa.

Kawunki

Laraba, bayan wata biyu

Kwandasta,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Kin ji maganata ba ki rubuto ba, ni kuma duk Alhamis sai na samu dalilin bi ta tasha. Ƙafar Innarki ta sake kama hanya, gyambon ya dawo kamar faɗin kwabo. Takarda huɗu na tanada don wannan wasiƙa, kar ki ƙirga layukan.

Ba ki aiko an ɗauki motar ba, ni kuma na ci gaba da tuƙi, da tawul a kan maɓallin. Sati uku da suka wuce, muna fitowa daga asibiti Innarki ta fara, ga mai keke, ga kaza. Raina a ɓace yake tun takardarki. Na ce mata, "Yau ki yi mini shiru har gida. Ni nake tuƙi ko ke?" Ta ce, "Kai ne." Ta naɗe hannu.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Duhu ya rufo tun daga layin bishiyoyi, fitilata tana kunne amma kamar ana haska cikin ruwan wanki. Motocin da suke tahowa kowace ta zama ƙullin haske ba siffa. Mun wuce gada, mun shigo unguwa, sai na ji hannunta a kan nawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tsaya, Malam." Na taka birki don hannun, ba don na ga komai ba.

Sai da motar ta tsaya cik sannan ya fito mini. Wani dattijo ne sa'ana, da riga ruwan toka, yana tura keke da buhu a kai, a tsakiyar titi. Tsakaninsa da hancin motar bai kai tsawon tabarma ba. Ya dube ni, ya ɗaga hannu yana godiya wai na ba shi hanya, ya wuce.

Na gangara gefe. Na ce mata ƙarfe nawa. Ta ce biyar da rabi saura kaɗan. Na ce ina rana. Ta ce ga ta can a kan tanki. Na sa hannu na janye tawul ɗin daga kan maɓallin, na zauna ina kallon dashbod. Na ƙirga goma. Fitila ta mutu. Motar ta ce rana ce.

Na ce wa Innarki tun yaushe. Ta ce tun kafin ki kawo motar, tun ranar da na zuba shayi a gefen kofi na ce kofin ne ya goce. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Na faɗa mana. Kullum ina faɗa, daga asibiti har gida."

A nan muka bar motar, Mai-waya ya zo ya kai ta rumfa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba game da Tsoho. Na ce miki shi ya ba ni tawul, ban ce miki ni na raba shi da mota ba. Idonsa ya tafi kamar haka, kowa a tasha ya sani, ba mai iya faɗa. Ranar da ya hau kan kwalbati da yamma da lodi a baya, na bi shi har cikin tasha, na zare makullin daga hannunsa na sa a aljihuna, direbobi suna kallo, masu shayi suna kallo. Shekara shida ya yi bayan nan, bai sake ce mini ko sannu ba har aka kai shi. Daidai na yi, har gobe ina cewa daidai na yi. Amma a gaban mutane na yi. Ke a cikin ambulan kika yi naki, kika liƙe baki, ni kaɗai na gani, na kuma saka miki da abin da na saka miki. Waccan takardar tawa ta Alhamis, in tana cikin ajiyarki, ki bar ta. Abin da ya faru ne, ba a cire shi.

Na hau hawa na biyu. Yanar ido ce, duka biyun, na dama ya fi. Za a fara da shi farkon wata mai zuwa, sannan na hagu in ya warke. Na tambayi likitan ko zan koma tuƙi. Yarinya ce kamar ke, ba ta iya ƙarya ba, ta ce sai an buɗe an gani, wataƙila da rana. Na ce to. Ban ƙara tambaya ba, na gaji da gardama da masu gaskiya.

Zuwa asibiti bai tsaya ba. Malamar nan ta gidan kusa da famfo, wadda ta ajiye koyarwa bara, tana da lasisi ba ta da mota, mu muna da mota ba mu da ido. Ita take kai mu duk Talata, ta yi cefanenta da ita ranar Asabar. Tana riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata, tana taka birki a makare, amma tana jin magana. Innarki ta koma kujerar baya ta miƙe ƙafa, ta kuma koma shirunta na da. Ni nake gaba.

Tawul ɗin na kai wa Tela. Na auna wurin maɓallin da zare, na ce ya huda daidai nan ya dalmashe bakin. Ya juya shi ya ce, "Shekara nawa ina ɗinki, yau ne aka fara kawo mini tawul in yi masa taga." Ya yi kyau kuwa, hujin bai karkace ba, ki rage yi masa gorin hannun riga. Yanzu tawul yana kan dashbod, idon motar yana leƙowa ta tsakiya, kowa yana aikinsa.

Jiya muna dawowa, sama da haske, na ji ɗigo ɗaya ya bugi rufin, sannan na biyu. Ban ga ruwan ba, jin sa na yi, da kunnen kirkin. Malama ba ta lura ba, motar ma ba ta lura ba. Na ce, "Malama, murɗa makunnin nan gaba ɗaya, kunna fitila." Ta ce ai rana ce, Baba. Na ce ba don ki gani ba ne. Ta kunna. Ba mu kai gada ba ruwa ya rufe hanya.

In za ki samu hutu farkon wata, ki zo. An ce kwana biyu zan yi da ido a naɗe, ina son wanda zai karanta mini takardun gwangwani, Innarki ba ta iya baƙi ba. In ba hali, ki rubuto da manyan baƙi.

Sunan naki kuma ki yi haƙuri, na ara. Mai zama gefen direba yana faɗin abin da yake gaba, kin san yadda ake kiransa.

Kawunki,
Kwandastan Malama